Kwana goma sha biyu a bakin Nilu

Yau kwana huɗu ke nan da dawowata daga Masar, amma har yanzu in na rufe ido duwatsu nake gani, an ɗora wani kan wani har sun tokare sama. Shekarata goma sha bakwai ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma babu shekarar da ba na tsayawa gaban allo in gaya wa yara cewa tsofaffin daulolin duniya a bakin koguna suka tashi: Sumeriyawa tsakanin Dijla da Furatu a Iraƙi ta yau, mutanen Mohenjo-Daro a kwarin Indus, Sinawa a gaɓar Rawayan Kogi, Masarawa kuma a bakin Nilu. Ina faɗa suna rubutawa, alhali daga ni har su babu wanda ya taɓa sa ƙafa a ko ɗaya. Da ɗan yayata da ke karatu a Azhar ya matsa mini lamba cewa in zo kafin ya kammala ya tattaro ya dawo gida, sai na fasa asusun da na shekara biyu ina tarawa, na yanki tikiti daga Kano, domin zuwa da kai ya fi saƙo.

Abin da ya tsaya mini a rai ranar isowa shi ne wani jami'i mai duba takardu, wanda da ya ga koren fasfo sai ya ture shi gefe da bayan hannu, ya nuna mini benci ba tare da ya dubi fuskata ba. Na fi awa guda a zaune ina kallon Turawa suna wucewa ana yi musu murmushi. Da ya waiwayo kaina sai tambayoyi cikin tsawa: nawa ne a aljihuna, wa ya gayyace ni, me ɗan Afirka zai yi a nan har kwana goma sha biyu. Na amsa masa da ɗan Larabcin da na samu a makarantar ilimi, na ce tarihin kakanninsa na zo gani, kuma ƙasar da muke tsaye a kanta ita ma Afirka ce. Maganar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya wurgo mini fasfona. A waje yaron ya karɓi jakata yana cewa, "Kawu, sannu da hanya, ka yi haƙuri, akwai irinsu, amma za ka ga na kirki." Daga baya na gane gaskiyarsa.

Washegari da sassafe muka nufi Giza. Na ɗauka sai an nausa cikin sahara, ashe dala ukun nan a bakin gari suke, benaye da shagunan abinci sun kusa zuwa gindinsu. Mu Kanawa da kalmar dala muka tashi, ga Dutsen Dala, ga dalar gyaɗa da aka riƙa jerawa buhu kan buhu a zamanin iyayenmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ɗauki waɗancan buhuna a ka, kuma har ya rasu yana fama da ciwon wuya. Saboda haka da na tsaya gindin dalar Kufu, na ga sahun farko na duwatsun ya kai mini ƙirji, ba sarkin ne ya fara faɗo mini a rai ba, masu dakon ne. An gama ginin wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tsayinsa na asali mita 146 ne, yanzu ya koma kimanin 138 saboda an kwashe farin dutsen da aka lulluɓe shi da shi, kowane gefe kuma ya kai mita 230. An ƙiyasta duwatsun da ke cikinsa sun kai miliyan biyu da dubu ɗari uku, kuma sai da aka yi fiye da shekara 3,800 kafin ɗan Adam ya gina abin da ya fi shi tsawo.

Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, kuma da kati ake biya. Wannan bai dame ni ba, domin wanda ya adana kayan kakanninsa ya cancanci ya ci moriyarsu. Abin da ya dame ni halin masu raƙuma ne. Ni dai ban hau ba, raƙumi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwar Maigatari, kuma masu ginin dala ba da raƙumi suka yi aiki ba, jaki da jirgin ruwa da ƙarfin damtse suka sani. Amma a gaban idona aka yi ciniki da wani magidanci ɗan ƙasar Asiya a kan fam ɗari, aka ɗora 'yarsa, da lokacin sauka ya yi sai mai raƙumin ya ƙi durƙusar da shi, wai fam ɗarin na hawa ne, sauka kuwa ɗari biyar. Yarinya tana kuka a sama, uba yana laluben aljihu a ƙasa. Mu ma a kasuwar Kurmi muna tsuga wa baƙo kuɗi, ba zan ɓoye ba, amma in ɗan kasuwa ya ce ya sallama, to magana ta ƙare, ba ya komawa ya lashe amansa.

Cikin dalar a sunkuye ake hawa ta wani siririn rami, ga zafi ga ƙarancin iska, sai kwatsam a fito wani dogon soro mai hawa wanda rufinsa ya haura mita takwas. A ƙarshensa ɗakin sarki yake, an gina shi da jan dutsen da aka ɗauko daga Aswan, tafiyar fiye da kilomita 800 a kan ruwa. Babu zane, babu rubutu, sai akwatin gawa na dutse, wayam. Labarin da ya fi wannan ɗaki armashi a kudancin filin yake, inda masu haƙa suka tono unguwar ma'aikata da gidajen gasa gurasa da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da suka ci. A 1990 aka gano maƙabartarsu, aka ga ƙashin bayansu ya sha nauyi, aka kuma ga karayar da aka ɗaure har ta warke, wato akwai masu ɗori da ke kula da su. Ba bayi ne da ake kora da bulala kamar yadda ake nunawa a majigi ba, amma kuma ba aikin gayya ne da mutum ke zuwa don ra'ayinsa ba. Ya fi kama da abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna: kowane yanki ya kawo mutanensa su yi wa'adinsu, a biya su da gurasa da giyar sha'ir. A 2013 ma an samu wasu takardun bardi, irin takardar da suke yi da karan wata ciyawar bakin ruwa, a Wadil Jarf, bakin Bahar Maliya, waɗanda wani shugaban ma'aikata mai suna Merer ya rubuta kullum-kullum, yana lissafin yadda shi da mutanensa suke jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga mahaƙar dutse ta Tura zuwa Giza. Su ne takardun bardi masu rubutu mafi tsufa da aka taɓa samu, kuma abin da ke cikinsu lissafin dako ne.

Sakkara ta fi Giza shiga raina, ko da yake ba ta kai ta suna ba. A can dalar Fir'auna Zosar take, mai hawa shida, wadda bafadensa Imhotab ya tsara tun kafin ta Kufu da kusan shekara ɗari, ita ce babban ginin dutse na farko a Masar. Amma ni kaburburan manyan ma'aikatan fada ne suka riƙe ni. A kabarin wani mai suna Ti na yi tsaye kamar an dasa ni gaban wani sassaƙe: garken shanu zai haye ruwa, makiyayi ya saɓa ɗan maraƙi a bayansa ya shiga gaba, maraƙin ya waiwayo yana kallon uwarsa, uwar ta miƙa wuya tana binsa, sauran garken kuma suna bin ta. Na sha ganin Fulani suna yin haka a mashigin kogi da damina, ba ragi ba ƙari. Wanda ya sassaƙa wannan fiye da shekara 4,000 da suka wuce ya san shanu, ya zauna da makiyaya.

A kabarin Mereruka kuwa, wanda ya yi waziri a zamanin Fir'auna Teti, wani hoton ne ya sa jikina ya yi sanyi. Marubuta suna zaune da alƙaluma, an gurfanar da masu unguwanni a gabansu, an ɗaure wani a jikin turke ana dukansa saboda harajin yankinsa bai cika ba. A wancan zamani duk bayan shekara biyu ake ƙidayar shanun ƙasa, har da wannan ƙidaya ake lissafin shekarun sarautar sarki. Na ce wa yaron, wannan ai jangali ne, irin wanda aka riƙa karɓa a ƙasarmu har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji a Kano a 1979. Daga waɗannan bangaye mutum zai iya karanta tsarin al'ummar gaba ɗaya. Fir'auna yana can ƙoli, suna ɗaukarsa ɗan abin bautarsu Ra. Ƙarƙashinsa waziri, sai hakiman larduna, sai masu hidimar ɗakunan bauta, sai marubuta, sai masu sana'ar hannu, sai manoma waɗanda su ne mafi yawa kuma su ke ciyar da kowa, sai bayi da akasarinsu kamammun yaƙi ne. Ba su da kuɗin tsaba, hatsi ne albashi, rumbu ne baitulmali, kuma duk wanda ya iya rubutu ya tsira daga fartanya. A nan na ƙara fahimtar girman muƙamin da aka ba Annabi Yusuf, alaihis salam, domin a ƙasar da hatsi ne kuɗi, mai riƙe da rumbuna shi ke riƙe da ran kowa.

Kwana biyu muka ba gidajen tarihi. A tsohon da ke dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, abin da na fara nema shi ne allon dutse na Sarki Narmar, da na sha zana wa ɗalibai da alli. Bai fi kamu ɗaya da rabi ba, kuma asalinsa irin dutsen da ake niƙa kwalli a kai ne. An yi shi wajen 3100 kafin Miladiyya, lokacin da aka haɗe Masar ta kudu da ta arewa ƙarƙashin sarki ɗaya. A fuska ɗaya sarki ya damƙi gashin wani mutum da ke durƙushe, ya ɗaga kulki zai fasa masa kai. A ɗaya fuskar gawa goma ce a jere, an sare kawunansu an ajiye tsakanin ƙafafunsu. Wannan hoto na sarki da kulki bai gushe ba, na sake ganinsa a bangon ɗakunan bautar da aka gina bayan shekara dubu biyu da ɗoriya. Daular da muke yaba wa gine-ginenta da ilminta, da wannan ta fara gabatar da kanta.

Amma yaƙi ya girmi Narmar nesa ba kusa ba. A Jabal Sahaba, arewacin Sudan kusa da Wadi Halfa, an tono wata maƙabarta a 1964 mai shekara kimanin 13,000, mutum 61, maza da mata da yara, da yawansu da tsinin kibiya na dutse a ƙashi. Wasu raunukan sun warke kafin a sake yi musu wasu, alamar ba karo ɗaya aka yi ba, hari ne ake kai wa juna a kai a kai, a lokacin da yanayi ya tsananta kowa ya matso bakin kogi. A Iraƙi kuwa biranen Lagash da Umma sun shafe zuriya bayan zuriya suna gwabzawa a kan wata fadama da ruwan da ke shayar da ita, kuma dutsen da Sarki Iyannatum ya kafa wajen 2450 kafin Miladiyya yana nuna dakaru a sahu, garkuwa na gogar garkuwa, ungulaye na ɗauke da kawunan matattu. Gona da mashaya. Duk wanda ya fito daga yankin da manomi da makiyayi ke zubar da jinin juna a kan burtali ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Na daɗe gaban wasu 'yan mutum-mutumi na katako da aka samu a kabarin wani hakimin Asyut mai suna Mesehti, na wajen shekara ta 2000 kafin Miladiyya. Masu mashi arba'in ne Masarawa, kowa da garkuwar fatar sa mai dabbare-dabbare, sai baƙaƙen maharba arba'in 'yan Nuba, yankin kudancin Masar da arewacin Sudan, da bakansu da kibau a hannu. Babu doki, babu sulke, babu ƙarfe, tagulla ce kawai da itace da fata. A farkon zamani ma babu sojan dindindin, manoma ake tarawa in bukata ta taso. Wani jagoran yaƙi mai suna Weni, a zamanin Fir'auna Pepi na Ɗaya, ya sa an rubuta a kabarinsa cewa a rundunar da ya jagoranta babu wanda ya ƙwace gurasa ko takalmin matafiyi, babu wanda ya ɗauki zane a wani gari, babu wanda ya kama akuyar kowa. Da a ce ba a saba yin haka ba, da bai ga abin alfahari a hana shi ba. Na tuna shingayen da ke kan hanyoyinmu, na ji ina girmama mutumin.

Gawarwakin sarakunan suna ɗaya gidan tarihin da ke unguwar Fusɗaɗ a Alƙahira, inda aka mayar da su a 2021, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Ana sauka wani zaure mai duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Gishirin da suka busar da gawar da shi dangin kanwa ne, daga Wadin Naɗrun ake ɗebo shi, kuma aikin gaba ɗaya kwana saba'in yake ci. Kowa Ramsis na Biyu yake nema, na ga Musulmi da yawa suna tsayawa kansa suna karanta ayoyi, wasu suna cewa shi ne na Annabi Musa, wasu suna cewa ɗansa Marnabtah ne. Ni ma tsigar jikina ta tashi da na ga farcensa da sauran gashinsa. Amma wanda na kasa mantawa shi ne Sekenenre. Goshinsa a fashe yake da saran gatari, kuncinsa a farfashe, bakinsa a buɗe. Ya mutu yana yaƙi da Hiksos, mutanen da suka shigo daga yammacin Asiya suka mallaki arewacin Masar wajen 1650 kafin Miladiyya. A zamaninsu doki da karusa da baka mai ƙarfi da ake haɗawa da itace da ƙaho da jijiya suka shigo ƙasar. Ahmos, wanda ya fito daga gidan wannan mamaci, shi ya kore su wajen 1550, kuma daga nan Masarawa suka ɗauki makaman abokan gabarsu, suka kafa sojan dindindin, suka fara fita cin ƙasashen wasu.

Jirgin ƙasa na dare muka bi zuwa Luksor. Da gari ya waye na leƙa taga, sai na ga darasin da na shekara ina koyarwa a shimfiɗe: kogi, sai koren rake da alkama da dabino, sai kuma rairayi, kamar an ja layi da wuƙa. Mutanen da suna kiran wannan Baƙar Ƙasa, wancan kuma Jar Ƙasa. Mai masaukinmu dattijo ne manomin rake a yammacin kogin, mahaifin wani abokin karatun yaron. Bai taɓa ganina ba, amma ya fitar da 'ya'yansa daga ɗakinsu ya ba mu, ya yanka mana agwagwa. Da aka kawo abinci na ga wata koriyar miya mai yauƙi da suke kira mulukiyya, na ɗanɗana, ashe lalo ce. Abin sha kuma karkade, wato zoɓo. Da na yi yunƙurin ba shi wani abu ranar tafiya, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Haba Ustaz, kana so mutanen gari su ce na sayar wa baƙo tuwo?" Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji," na mayar da kuɗina ina jin kunya. Wannan mutum ya wanke mini zuciya daga abin da jami'in nan da masu raƙuma suka bari.

Shi ya ba ni labarin ambaliya, domin yana yaro ya gan ta kafin a datse kogin da babban dam na Aswan. Ruwan yakan taso ne da tsakiyar bazararsu, lokacin da damina ke sauka a tsaunukan Habasha, ya malale gonaki, in ya janye ya bar baƙin laka, sai a watsa iri. A kan wannan mutanen da suka raba shekara uku, lokacin ambaliya da na shuka da na girbi, suka yi mata wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, suka ƙara kwana biyar ta cika 365. Har yau da sunayen waɗannan watanni dattijon yake lissafin nomansa. Ya nuna mini wani tsohon abin ɗiban ruwa da aka yasar a bakin rafi tun da injin ban ruwa ya zo: doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya. Na ce masa jigo ne, muna da shi a fadamunmu.

Karnak, babban wurin bautar da ke Luksor, ta fi ƙarfin bayani, zaure guda ginshiƙi 134, don haka zan tsaya kan abin da ke rubuce a bango. A nan aka sassaƙa labarin yaƙin Magiddo, wani birni a ƙasar Kan'ana, na wajen 1457 kafin Miladiyya, wanda ake ɗauka shi ne yaƙi na farko da aka rubuta dalla-dalla. Hanya uku ce a gaban Fir'auna Tutmos na Uku, manyan yaƙinsa suka roƙe shi kada ya bi ta tsakiya, matsattsiya ce, sai doki bayan doki, mutum bayan mutum. Ita ya bi, ya ɓullo inda ba a zata ba, abokan gaba suka watse. Sai dakarunsa suka tsaya wawar ganima, waɗanda suka gudu kuma aka jawo su kan ganuwa da tufafi, abin da za a gama a yini ɗaya ya koma zaman kewaye na wata bakwai. Marubuci bai bar komai ba, har karusa 924 da dawaki sama da 2,000 ya lissafa. Yaƙin Kadesh kuwa, wani birni a Siriya ta yau, wanda aka gwabza da Hittiyawa, mutanen ƙasar Turkiyya ta yau, wajen 1274, duk inda ka juya sai ka gan shi, domin Ramsis na Biyu ya sa an zana shi a ɗakunan bauta na Luksor da Ramasiyum da Abu Simbal. Wasu makiyaya biyu ne suka yaudare shi cewa Hittiyawa suna can nesa, ya yi gaba da runduna ɗaya cikin huɗu, sai karusan sarkinsu Muwatalli suka auko masa. A bango an nuna shi shi kaɗai, ƙato, yana tattake dubbai. Gaskiyar magana da ƙyar ya sha, kuma birnin ya ci gaba da zama a hannun Hittiyawa. Bayan shekara goma sha biyar aka yi sulhu a rubuce, wanda kwafinsa ke rataye yau a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Na nemi rubutun sulhun a Karnak, sai da mai gadi ya kai ni wani lungu, babu kowa a wurin, jama'a duk suna can gaban hotunan yaƙi.

A Madinat Habu, ɗakin bautar Ramsis na Uku, launin fenti yana nan a rufi kamar jiya aka shafa. An zana yaƙinsa da mutanen da suka zo ta teku wajen 1175, jirage sun kife, mutane na nutsewa. A wani bangon kuma tsibi ne na hannuwan mutane da aka yanke, wani yana jefawa ɗaya-ɗaya, marubuci yana ƙirgawa. Haka suke lissafin waɗanda aka kashe, sojan da ya kawo hannu a ba shi zinariya ko gona ko bawa. Na kalli yatsun, an sassaƙa kowanne da kulawa, na kasa ci gaba da kallo.

Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa Dairul Madina, kuma in an ce in zaɓi wuri ɗaya a duk tafiyar, shi zan zaɓa. Ƙauye ne na magina da masu zane da suka haƙa kaburburan sarakuna, gida kusan saba'in a cikin katanga, lungu ɗaya ya ratsa tsakiya. Na shiga kangon wani gida: zaure, ɗakin zama, matakalar hawa soro, madafi a baya. Babu rijiya, da jakai ake kawo musu ruwa. Makonsu kwana goma ne, takwas na aiki biyu na hutu. Da yake da yawansu sun iya rubutu, sun bar dubban katangar tukwane da ɓallin dutse masu ɗauke da rayuwarsu: bashi, rigimar jaki, rajistar waɗanda ba su zo aiki ba da dalilinsu, wannan kunama ta harbe shi, wancan yana jana'izar mahaifiyarsa. Mace a cikinsu tana mallakar dukiya, tana kai ƙara, tana ba da shaida. Wata tsohuwa mai suna Naunakte ta je gaban kotun ƙauyen ta ce ta reni 'ya'ya takwas, amma waɗanda ba su kula da ita ba da ta tsufa ba za su ci gādonta ba, aka rubuta, shaidu suka tabbatar. A kabarin Sennejem, wanda bai fi ɗakin kwana girma ba, an zana shi da matarsa a lahira kamar yadda suke fata: yana riƙe da garmar shanu, tana binsa tana zuba iri, ga alkama ta kai musu kafaɗa. Burinsa ke nan, gona mai albarka da matarsa a gefe.

Waɗannan mutane ne, a shekara ta 29 ta sarautar Ramsis na Uku, mai tsibin hannuwan nan, suka ajiye kayan aiki domin an kwana 18 ba a kawo musu hatsin albashinsu ba. Suka ƙetare shingayen masu gadi, suka je suka zauna a bayan ɗakin bautar Tutmos na Uku, suka ce yunwa da ƙishirwa ne suka kawo su, babu tufa, babu mai, babu kifi, babu ganye, a aika wa Fir'auna da waziri. Shi ne yajin aiki na farko da aka samu a rubuce, kuma sai da aka buɗe rumbu aka auna musu. Ni da na san yadda ake ji in wata ya yi nisa ba a ga albashi ba, mai shago ya fara kawar da kai, na zauna a kan wata gajeriyar katanga a lungun ƙauyen har yaron ya zo ya ce, "Kawu, za su rufe."

Aswan kwana biyu kawai muka yi, kuma ƙafafuna sun riga sun gaji. Mun ga doguwar hasumiyar dutse da ta tsage aka bar ta kwance a mahaƙa, mita 42, da ƙwallayen baƙin dutsen da aka riƙa dandaƙar ta da su. Mutanen Nuba kamarmu suke, har wata mai shago ta yi mini magana da harshensu tana zaton ɗan gari ne. Kakanninsu na Kush sun ci Masar da yaƙi a ƙarni na takwas kafin Miladiyya, suka yi kusan shekara ɗari suna sarautarta. Abu Simbal sai da muka tashi ƙarfe huɗu na dare, muka yi awa uku da rabi a mota, muka ga gumaka huɗu na Ramsis na Biyu da aka yayyanka aka ɗaga sama tsakanin 1964 da 1968 don kada tafkin dam ya cinye su. A kasuwa na tarar da goruba da aya a buhu, na tambayi kuɗin goruba, aka faɗi abin da zai sayi kwano guda a kasuwar Rimi a kan 'ya'ya biyar, na bar musu abarsu.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, sallar Juma'a a Azhar, sallama da yaron da abokansa 'yan Katsina da Damagaram, sai Kano. Ranar Litinin 'yan aji ɗaya ne da ni da safe, na riga na kai hoton makiyayin nan mai ɗan maraƙi an wanke mini babba.